Fulogin Mota: Yadda Yake Aiki da Yadda Ake Canza Shi a A-kori-kura a Gida

Gabatarwa

Hausawa na cewa ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. A cikin dukan kayan injin mota da wuya a sami abin da wannan magana ta dace da shi kamar fulogi. Tsawonsa bai wuce na ɗan yatsa ba, kuɗinsa kuma bai kai na taya ɗaya ba, amma da zarar ya gaza sai a ga a-kori-kura ɗauke da buhunan masara ta tsaya cik a tsakiyar daji, ko kuwa ta riƙa tafiya tana karkarwa tana shan mai fiye da ƙima. Tun da aka janye tallafin man fetur a Nijeriya a watan Mayu na shekarar 2023, kowane ɗigon mai da ya fita ta salansa bai ƙone ba asara ce da mai mota ke ji a aljihunsa.

Wannan maƙala za ta bayyana abin da fulogi yake yi a cikin inji, da dalilin da ya sa yake tsufa, da kuma matakan da mai mota zai bi ya canza shi a gida ba tare da ya yi ɓarna ba. Za a riƙa kawo dalilin kimiyya da ke bayan kowane mataki, domin ɗalibi ya ga cewa abin da ake koya masa a darasin fiziks da kemistiri da bayoloji yana nan a ƙarƙashin murfin injin motar da ke kai kayan garinsu kasuwa.

Wace mota ce ke da fulogi?

Kafin a ɗauki sifana, wajibi ne a san irin injin da ke cikin motar. Injin mota iri biyu ne: mai amfani da fetur da mai amfani da dizal, watau man gas. Injin fetur ne kaɗai ke da fulogin da ke ba da tartsatsi. Injin dizal, wanda Bajamushe Rudolf Diesel ya kammala ƙerawa a 1897, yana matse iska ne ƙwarai har ta yi zafin da zai kunna mai da kansa idan aka fesa shi. Abin da ke cikinsa mai kama da fulogi shi ne wanda makanikai ke kira hita, aikinsa kuwa ɗumama silinda ne kawai lokacin da za a ta da mota da sanyin safiya.

Tsofaffin a-kori-kura ƙirar Peugeot 404 da 504 galibinsu masu fetur ne, masu silinda huɗu da fulogi huɗu. Ita kuwa Toyota Hilux, wadda aka fara ƙerawa a Japan a 1968, akwai mai fetur, akwai mai dizal. Don haka bayanin da ke tafe ya shafi masu fetur ne kaɗai.

Numfashin inji

Akwai kamanci mai ban sha'awa tsakanin inji da jikin ɗan'adam. Dukansu biyu suna samun ƙarfi ne ta hanyar haɗa makamashi da iskar oksijin. A cikin ƙwayoyin halittar jiki, sukarin gulukos ne ke haɗuwa da oksijin, ya ba da ƙarfi, ya bar iskar kabon dayoksaid da ruwa. A cikin inji, fetur ne ke haɗuwa da oksijin, abin da ke saura kuma shi ne dai kabon dayoksaid da tururin ruwa. Bambancin yana wajen sauri. Jiki yana yin nasa aikin a hankali, mataki-mataki, da taimakon sinadaran inzayim, a zafin da bai wuce digiri 37 a ma'aunin Salshiyos ba. Inji kuwa yana ƙona nasa man a cikin ƙiftawar ido, a zafin da ya haura digiri 2,000. Jiki ba ya bukatar ashana domin inzayim sun sauƙaƙa masa aikin. Inji yana bukata, kuma fulogi shi ne ashanarsa.

Tsarin da injunan fetur ke bi shi ne wanda Nikolaus Otto ya fito da shi a Jamus a 1876. Fistan yana kai da komowa a cikin silinda, kuma aikinsa ya kasu kashi huɗu:

1. Shaƙa: fistan ya yi ƙasa, bawul ɗin shiga ya buɗe, gaurayen iska da fetur ya cika silinda.
2. Matsa: bawuloli su rufe, fistan ya yi sama ya matse gaurayen har girmansa ya koma kashi ɗaya cikin takwas zuwa goma na yadda yake.
3. Ƙuna: gab da fistan ya kai ƙololuwa, fulogi ya saki tartsatsi, gaurayen ya kama da wuta, iskar da ta yi zafi ta buɗe ta tura fistan ƙasa da ƙarfi. Wannan turi shi ne ke juya tayoyi.
4. Fitarwa: bawul ɗin fita ya buɗe, fistan ya sake yin sama ya kori hayaƙi zuwa salansa.

Domin fetur ya ƙone sarai, kowane giram ɗaya nasa yana bukatar kimanin giram 14.7 na iska. Dalilin yawan iskar shi ne kashi 21 cikin ɗari nata ne kawai oksijin. Mafi yawan sauran naitirojin ne, wanda ba ya taimakon wuta. Idan mai ya yi yawa a gaurayen, ko iska ta yi yawa, fulogi ne zai fara nuna alama, kamar yadda za a gani nan gaba.

Daga bolt 12 zuwa bolt 20,000

Batirin mota yana ba da lantarki mai ƙarfin turi bolt 12 ne kacal. Wannan ba zai iya tsallaka iska ba, domin iska ba ta barin lantarki ya ratsa ta cikin sauƙi. A sarari, ana bukatar kusan bolt 3,000 kafin tartsatsi ya tsallake tazarar milimita ɗaya. A cikin silinda kuwa, inda aka matse iskar, bukatar ta ninka, domin kamar yadda Friedrich Paschen ya nuna a 1889, ƙarfin turin da ake bukata yana ƙaruwa idan matsin iska ya ƙaru ko tazara ta faɗaɗa. Shi ya sa fulogi ke neman daga bolt 10,000 zuwa 30,000. Domin kwatance, kifin nan minjirya da ake samu a Kogin Kwara da Tafkin Chadi, wanda masunta ke shakkar taɓawa, abin da yake fitarwa bai wuce bolt 350 ba ko kusa da haka.

Na'urar da ke ɗaga ƙarfin batir ita ce kwayil. Aikinta ya dogara ne a kan abin da Michael Faraday ya gano a Ingila a 1831, watau idan ƙarfin maganaɗisu da ke kewaye da waya ya canza, sai lantarki ya taso a cikin wayar. A cikin kwayil akwai naɗin waya biyu a jikin ƙarfe guda: na farko mai kauri, naɗi ɗaruruwa kaɗan, na biyu siriri, naɗi dubbai masu yawa. Lantarkin batir yana bi ta naɗin farko ya mai da ƙarfen maganaɗisu. Da an katse shi farat ɗaya, sai maganaɗisun ya rushe, ƙarfin turi mai yawa ya taso a naɗi na biyu. A tsofaffin motoci wani ɗan makunni da ake kira kwantak ne ke yin katsewar, sa'an nan distirbita ta rarraba wutar ga fulogai ta wayoyi masu kauri, kowanne a lokacinsa. A sababbin motoci kwamfutar inji ce ke yin wannan aiki, kuma sau da yawa kowane fulogi yana da nasa ƙaramin kwayil zaune a kansa.

Fulogi ba sabon abu ba ne. Étienne Lenoir ya yi amfani da shi a injinsa mai ƙona gas a Faransa tun 1860. Amma a 1902 ne injiniya Gottlob Honold na kamfanin Bosch ya fito da tsarin kunna wuta mai ƙarfin turi sosai, wanda ya ba injunan fetur damar yin gudu da sauri ba tare da fashin wuta ba.

Sassan fulogi

Wanda ya riƙe fulogi a hannu zai ga sassa huɗu. Akwai ƙarfen tsakiya, wanda ya ratsa shi daga sama inda waya ke kamawa har zuwa baki. Akwai farin tangaran da ya lulluɓe ƙarfen. An yi shi ne da alumina, watau sinadarin alminiyom da oksijin, kuma aikinsa hana lantarki zurarewa ta gefe. Akwai gangar jiki ta ƙarfe mai tiredi, watau haƙoran da ake murɗawa cikin kan inji. Sa'an nan akwai ɗan lanƙwasasshen ƙarfe a baki, wanda ya sunkuyo a kan ƙarfen tsakiya. Tazarar da ke tsakanin waɗannan ƙarafa biyu ita ce tartsatsi ke tsallakawa, kuma a mafi yawan motoci tana tsakanin milimita 0.6 da 1.1.

Bakin fulogi yana son zafi madaidaici, daga kimanin digiri 500 zuwa 850. Idan bai kai haka ba, kunkunniya za ta taru a jikin tangaran, ita kuwa kunkunniya kabon ce, lantarki yana bin ta, sai wuta ta zurare ba ta yi tartsatsi ba. Idan kuma zafin ya wuce iyaka, bakin zai yi ja kamar garwashi ya kunna mai tun lokaci bai yi ba, abin da kan iya huda fistan. Saboda haka ne masu ƙera fulogi ke yin wasu da dogon hancin tangaran, masu riƙe zafi, wasu da gajere, masu saurin miƙa zafi ga kan inji. Lambobi da haruffan da ke rubuce a jikin tangaran suna nuna wannan, tare da kauri da tsawon tiredi. Harafin R da ake yawan gani yana nufin akwai abin rage kaifin lantarki a ciki, domin kada tartsatsi ya riƙa sa ƙara a rediyo ko ya rikita kwamfutar mota.

Me ya sa fulogi ke tsufa?

Lissafi kaɗan zai amsa wannan tambaya. A inji mai matakai huɗu, kowane fulogi yana ba da tartsatsi sau ɗaya a kowane juyi biyu na inji. Idan inji yana juyi 2,500 a minti, fulogi ɗaya zai yi tartsatsi 1,250 a minti, watau 75,000 a awa. Motar da ta yi tafiyar kilomita 30,000 a kan gudun kilomita 60 a awa ta yi aikin awa 500 ke nan. Idan aka ninka, fulogin ya yi tartsatsi 37,500,000. Kowane tartsatsi yana ɗan gutsurar ƙarfen bakin, kamar yadda ɗigon ruwa ke cin dutse. A hankali kaifin ƙarfen yana dakushewa, tazara tana faɗaɗa, ƙarfin turin da ake bukata yana ƙaruwa, har ya kai inda kwayil ba zai iya biya ba. Daga nan sai fashin wuta ya fara, abin da makanikai ke cewa mota tana misin.

Irin ƙarfen da aka yi bakin da shi ne ke nuna tsawon ransa. Fulogi na gama-gari bakinsa na gaurayen nikel ne, wanda ke narkewa a digiri 1,455, da jan ƙarfe a ciki domin ɗauke zafi. Irin wannan akan canza shi bayan kilomita 20,000 zuwa 30,000. Masu bakin filatinam, mai narkewa a digiri 1,768, ko iridiyom, mai narkewa a digiri 2,446, suna iya kaiwa kilomita 100,000. Littafin da ke zuwa da mota shi ne alƙali a kan wa'adin kowace.

Alamomin da ke nuna lokaci ya yi su ne: mota ta riƙa wuyar tashi da safe, inji ya riƙa karkarwa in tana tsaye, ta rasa ƙarfi a hawan tudu ko da kaya, shan mai ya ƙaru, a riƙa jin warin ɗanyen fetur a hayaƙi. A injin kafireta mai silinda huɗu, idan fulogi ɗaya ya mutu ɗungum, rubu'in man da inji ke sha yana fita bai ƙone ba. Wani ɓangarensa kuma yana wanke baƙin man da ke jikin silinda ya gangara ƙasa ya tsinka shi, abin da ke sa inji saurin cinyewa. A sababbin motoci, ɗanyen man yana zuwa ya ƙone a cikin matatar hayaƙi da ke jikin salansa ya lalata ta, ita kuwa tsadarta ta ninka ta fulogi sau da yawa.

Kayan aiki

Mai son yin wannan aiki a gida zai tanadi sababbin fulogai cikakken saiti, masu lamba daidai da wadda littafin mota ya ambata. Zai nemi sifanar fulogi, wadda doguwa ce mai rami, galibi mai faɗin milimita 16 ko 21, da roba a cikinta mai riƙe tangaran. Zai kuma nemi sandar ƙarin tsawo, domin a injuna da yawa, har da na Peugeot 404 da 504, fulogi yana can cikin rami mai zurfi. Sai ma'aunin tazara, watau siraran ƙarafan nan masu lamba da ake zurawa a bakin fulogi, da famfon taya, da tsumma mai tsabta, da guntun tiyo na roba wanda kan fulogi zai shiga ya kama. In da hali, a sami sifana mai awon ƙarfin ɗauri.

A nan akwai gargaɗi game da saye. Jabun fulogai masu ɗauke da sunayen manyan kamfanoni irin su NGK da Denso da Bosch suna yawo a kasuwanni. Akan gane su da rubutu mai gogewa ko karkatacce, da tiredi mai kaushi, da wosha mai zamewa ta faɗi, da kuma farashin da ya yi ƙasa ƙwarai. Araha ba ta ado. Bakin jabun fulogi yana iya narkewa ko ya karye ya faɗa cikin silinda. Haka kuma kada a karɓi fulogi don kawai ya shiga ramin. Wanda tiredinsa ya fi tsawo fistan na iya bugunsa. Wanda ya gaza tsawo kuma tartsatsinsa zai maƙale a rami, bai kai ga gaurayen mai sosai ba.

Matakan canzawa

Mataki na farko: a ajiye mota a fili mai iska, a ƙasa mai daidai, a ja birkin hannu, a kashe inji, a zare makulli. A bari inji ya huce sarai. Da safe kafin a ta da mota ya fi. Ban da gudun ƙuna, akwai dalili na kimiyya. Kan injin motoci da yawa na alminiyom ne, fulogi kuwa na baƙin ƙarfe. Alminiyom yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na yadda baƙin ƙarfe ke yi, kuma ya fi shi laushi, balle in ya yi zafi. Kwance fulogi ko ɗaure shi a inji mai zafi yana iya cinye tiredin kan inji.

Mataki na biyu: a cire wayar batir ta ɓangaren da ke da alamar ragi, a kawar da ita gefe. Kada a sha taba ko a kawo wuta kusa.

Mataki na uku: a yi aiki a kan fulogi ɗaya, a gama da shi, kafin a taɓa na gaba. Silindodi ba sa kama wuta a jere. A mafi yawan injuna masu silinda huɗu tsarin shi ne 1, 3, 4, 2, kuma ba duk kamfanoni ne ke fara ƙirga daga gefe ɗaya ba. Wanda ya cire wayoyi huɗu gaba ɗaya ya rikita su, motarsa ba za ta tashi ba, ko ta riƙa harbi ta kafireta. Wajen cire waya, a kama hular robar da ke kan fulogi a ɗan murɗa a ja. Kada a ja wayar kanta, domin abin da ke cikinta yana tsinkewa ba a gani ba. In motar mai kwayil a kan kowane fulogi ce, a zare soket ɗinsa, a kwance notin da ya riƙe shi, a ɗago shi a miƙe.

Mataki na huɗu: kafin a kwance fulogi, a hure ramin da famfon taya, a goge kewaye. Wannan mataki yana da muhimmanci ƙwarai ga motar da ke bin hanyoyin karkara ko ta sha ƙurar hunturu. Yashi ya fi ƙarfen silinda tauri, kuma duk ƙwayar da ta faɗa ciki za ta riƙa kartar bangon silinda da zoben fistan.

Mataki na biyar: a zura sifana ta zauna daram a kan fulogi, a riƙe ta a miƙe, a juya ta hagu, watau saɓanin tafiyar hannun agogo. Idan ta karkata tangaran zai fashe. Idan fulogi ya ƙi motsi, kada a sa ƙarfi. A ɗiga man sassauta tsatsa, a jira, sa'an nan a riƙa juyawa kaɗan gaba kaɗan baya. In ya ci gaba da cijewa, a tsaya a nemi makaniki, domin da muguwar rawa gara ƙin tashi. Fulogin da ya karye a cikin rami yakan sa a sauke kan inji gaba ɗaya.

Mataki na shida: a auna tazarar sabon fulogi. Ƙarfen awon da ke da lambar da littafin mota ya faɗa ya kamata ya shiga da ɗan ja kaɗan. In ana bukatar gyara, lanƙwasasshen ƙarfen gefe kaɗai ake taɓawa. Masu bakin iridiyom da filatinam sukan zo a daidaice, bakinsu kuma siriri ne mai saurin karyewa, don haka an fi so a bar su yadda suke.

Mataki na bakwai: a sa kan sabon fulogi a cikin guntun tiyo, a zura shi a rami, a murɗa da yatsu. Hikimar tiyo ita ce, idan tiredi ya hau a karkace, robar za ta zame kafin a yi ɓarna. Ya kamata fulogi ya shiga salin-alin har ya zauna. In ya cije tun a juyi na farko ko na biyu, a warware a sake. Ba a fara ɗaura fulogi da sifana.

Mataki na takwas: a ƙarasa ɗauri. Ga fulogi mai kaurin tiredi milimita 14 mai wosha, ƙarfin ɗaurin da aka saba shi ne nyuton-mita 25 zuwa 30. In babu sifana mai awo, bayan ya zauna da hannu a ƙara masa kimanin rabin juyi, wanda zai matse sabuwar wosha. Wanda ba shi da wosha, mai gindi kamar mazurari, ɗan motsi kawai yake bukata, kashi ɗaya cikin goma sha shida na juyi. Ɗaurin da ya yi sako-sako yana barin iska ta tsere, kuma yana hana zafi wucewa zuwa kan inji, sai fulogi ya yi zafi fiye da kima. Wanda ya yi tsanani kuma yana cinye tiredi.

Mataki na tara: a mayar da waya ko kwayil, a danna har a ji ya kama. A duba ko wayar ta tsage ko ta bushe. In haka ne ita ma a canza ta. Sai a wuce zuwa fulogi na gaba. Bayan an gama duka, a ƙirga kayan aiki, a mayar da wayar batir, a ta da mota a saurara. Inji mai lafiya sautinsa ɗaya ne, ba ya tsalle.

Abin da tsohon fulogi ke faɗa

Kamar yadda likita ke duba harshe da idon majiyyaci, haka makaniki ke duba bakin tsohon fulogi. A jera su bisa tsarin da aka ciro su. Baki mai launin toka-toka ko ruwan ƙasa mai haske yana nuna inji lafiya lau. Baƙi busasshe mai kunkunniya yana nuna mai ya fi iska yawa, wataƙila matatar iska ta toshe da ƙura ko kafireta na bukatar saiti. Baƙi mai danshin maiƙo yana nuna baƙin mai na shiga silinda, alamar zoben fistan ko robar bawul sun cinye. Fari fat mai ƙuraje ko alamar narkewa yana nuna zafi ya yi yawa, ko dai iska ta fi mai, ko lambar fulogin ba daidai ba ce, ko lokacin tartsatsi ya kauce. Idan guda ɗaya ne ya bambanta da 'yan'uwansa, matsalar tana cikin silindarsa. A irin waɗannan halaye sabon fulogi zai ɓoye ciwon ne na ɗan lokaci, bai warkar da shi ba.

Kiyaye lafiyar jiki

Haɗari biyu ne suka fi girma. Na farko shi ne hayaƙi. Idan fetur bai sami isasshen oksijin ba, yana fitar da kabon monoksaid, iskar da ba ta da launi ko wari. Sinadarin himogulobin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini, wanda aikinsa ɗaukar oksijin ne zuwa sassan jiki, yana kama wannan iska fiye da yadda yake kama oksijin sau 200 ko fiye. Sai jini ya cika da ita, ƙwaƙwalwa da zuciya su rasa oksijin. Ciwon kai da jiri da kasala su ne alamomin farko, kuma mutum na iya suma kafin ya gane abin da ke faruwa. Don haka ba a ta da mota a cikin rufaffen gareji ko zaure. Wannan hukunci ya hau kan janareta ma.

Na biyu shi ne lantarki. Jijiyoyin jiki suna aika saƙo ne da lantarki mai ƙarfin kimanin kashi ɗaya cikin goma na bolt ɗaya. Idan wutar fulogi ta ratsa hannu, tsokoki suna ƙanƙancewa ba da nufin mai su ba, hannu ya fizge, yana iya faɗawa kan fanka ko bel mai juyawa. Ga wanda aka sa wa na'urar daidaita bugun zuciya kuwa haɗarin ya fi haka. Dabarar nan ta cire wayar fulogi da hannu inji na aiki don a gane wanda ya mutu, ba ta dace da mai koyo ba.

Ga malamai da ɗalibai

Malami na iya karɓo tsofaffin fulogai daga garejin makanikai ya raba wa ɗalibai, su rarraba su bisa launin baki, su auna tazararsu, su faɗi abin da suke zaton ya sami kowane inji. Famfon keke da aka toshe bakinsa aka danna sau da yawa zai nuna musu yadda matsa iska ke haifar da zafi, wanda shi ne sirrin injin dizal. Sandar jan ƙarfe da ta baƙin ƙarfe masu tsawo ɗaya, da aka manna wa kakin kyandir a ƙarshe aka ɗumama ɗaya gefen, za su nuna dalilin sa jan ƙarfe a cikin fulogi. Ga kuma tambayar lissafi: inji mai silinda huɗu yana juyi 3,000 a minti, tartsatsi nawa fulogansa duka za su yi a daƙiƙa ɗaya? Wanda ya bi bayanin da ya gabata zai sami 100.

Kammalawa

Canza fulogi aiki ne da mai mota zai iya gamawa cikin awa guda da kayan aiki kaɗan, muddin ya kiyaye abubuwa biyar: lamba daidai, inji mai sanyi, rami mai tsabta, farawa da hannu, da ɗauri madaidaici. Ribarsa ita ce raguwar shan mai, da tsawon ran inji, da hayaƙi mai sauƙin illa ga masu shaƙarsa a bakin hanya. Inda aiki ya fi ƙarfin gida, kamar fulogin da ya cije ko alamar baƙin mai a silinda, wurin makaniki za a nufa, kuma wanda ya san abin da fulogi ke faɗa zai je da bayanin da zai taimaki makanikin ya gano ciwon da wuri. Rigakafi dai ya fi magani.